Ranar gudun fanfalaki a Legas: mu mazauna gari me muke samu?

Dan_Gwari_Mile12
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya, kuma da gaske nake yin ta. Ina da masu gidajen abinci a Obalende da Ikoyi da nake kai wa tumatir da tattasai da attaruhu duk safiya. Asabar ɗin da aka yi gudun fanfalakin Legas, mota ta tashi daga Mile 12 bayan sallar asuba, da suka doshi Oworonshoki aka ce gadar Third Mainland a rufe take. Direba ya juya, duk inda ya nufa sai ya tarar kowa can ya nufa. Kafin kaya su isa rana ta take, tumatir ya fara ruwa, wasu daga cikin masu sayen sun riga sun saya a wani wuri. Duk wanda ya san kayan gwari ya san ba ya jiran mutum. Asarar a kaina ta ƙare, har da kuɗin mota da na 'yan dako.

Abin da nake so a faɗa mini: irin waɗannan manyan wasanni da ake kawowa garin nan, mu da muke zaune muna neman abinci, me muke samu a ciki? Baƙi su zo su yi gudu su kwashi dala su tafi, mu kuma a rufe mana hanya. Ko akwai amfanin da ni ban gani ba?

MaiShayi_Ojuelegba
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar maka da alheri, Alhaji. Amma abincin wani gubar wani. Ni ranar nan tun ƙarfe huɗu na dare na hura wuta, saboda a bakin babban filin wasa na Surulere aka tashi, kuma mutane tun kafin asuba suka taru. 'Yan sanda, masu ɗaukar hoto, direbobin da suka kawo 'yan gudu, 'yan kallo, duk shayi suke nema. Kafin ƙarfe takwas burodi da ƙwai sun ƙare mini, na aika yaro ya ƙaro. Cinikin da nake yi daga safe zuwa dare na yi shi kafin hantsi.

Dan_Gwari_Mile12
Allah ya ƙara buɗi. To kai ka samu. Mu nawa ne irinka, mu nawa ne irina?

Injiniya_Gbagada
Alhaji, bari in ɗan yi bayani yadda abin yake, don a ƙofar gidana suke wucewa. An fara wannan tsere a 2016, lokacin gwamna Akinwunmi Ambode, kuma kusan kullum ranar Asabar ake yi a watan Fabrairu. Tsawonsa kilomita 42 da mita 195, kamar kowane gudun fanfalaki a duniya. A yawancin shekaru daga Surulere ake tashi da misalin shida da rabi na safe, a bi Ojuelegba, a hau titin Ikorodu zuwa Anthony, a karkata Gbagada, a hau gadar Third Mainland, a sauka ta Ikoyi, a haye gadar Lekki zuwa Ikoyi, a dawo ta Victoria Island a ƙare a Eko Atlantic.

Ka duba wannan hanya da kyau. Titin Ikorodu da gadar Third Mainland su ne manyan hanyoyin da ke kai mutumin Ketu da Mile 12 zuwa tsibiri. Gadar kaɗai ta kusa kilomita 12. Idan aka rufe su a lokaci guda, motocin da suka saba rabuwa gada uku sai su koma kan gadojin Eko da Carter, kuma su ma isa gare su sai an sha zagaye ta Oshodi ko Mushin. Shi ya sa direbanka ya ga kowa can ya nufa.

Manyan 'yan gudun awa biyu da 'yan mintuna suke yi. David Barmasai na Kenya ya gama a awa biyu da minti goma da 'yan daƙiƙu a 2020. Abin da ke riƙe hanya shi ne dubban mutanen da ke bayansu, wasu awa biyar, wasu shida, wasu ma tafiya suke yi. Ana buɗe hanyar kashi-kashi, ɓangaren Surulere da Anthony da wuri, ɓangaren tsibiri sai rana ta yi sosai. Kai kuma tsibirin ka nufa.

Hajiya_IdiAraba
Injiniya, duk wannan bayani da ka yi yanzu, me ya hana a yi mana shi tun kafin ranar? Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Maƙwabciyata ta tashi da naƙuda da safen nan, asibitin da take awo yana can tsallake. Mijin ya fita neman mota, babu direban da ya yarda ya je. Da ƙyar muka kai ta wani ƙaramin asibiti kusa da mu, inda ba su da katinta ba su san komai a kanta ba. Alhamdulillahi ta sauka lafiya. Amma da mun san za a rufe hanya, da tun Juma'a ta koma wajen 'yar'uwarta da ke kusa da asibitin. Ba gudun nake ƙi ba. Rashin sani ne ya wahalar da mu.

Injiniya_Gbagada
Hajiya, ana sanarwa fa. Gwamnatin jiha tana fitar da jerin hanyoyin da za a rufe da waɗanda za a bi, a jarida da rediyo da Facebook, kwanaki kafin ranar.

Hajiya_IdiAraba
Da wane harshe? Kai da ka yi boko ka gani. Ka je Idi-Araba ko Alaba Rago ka tambayi mata da 'yan ci-rani wa ya ji.

Malam_Obalende
Maganar Hajiya abin dubawa ce, amma wani ɓangare na aikin namu ne. Muna da sarakunan Hausawa a unguwanni, muna da shugabannin kasuwa, muna da masallatan Juma'a da ke cika maƙil. Tseren ranar Asabar ake yi, Juma'a tana gabansa da kwana ɗaya. Idan mutum ɗaya da ya iya karatu ya ɗauki sanarwar ya mayar da ita Hausa ya miƙa wa ladan, bayan an sallame a faɗa, dubban mutane sun ji a lokaci ɗaya. Cigiyar yaro muna yi a lasifika, sanarwar ɗaurin aure muna yi. Wannan ma maslahar jama'a ce. Injiniya, kai ne ka fi dacewa da wannan aiki, Allah ya ba ka lada.

Tsohon_DanAcaba
Da a da ne, Alhaji, da ba ka yi wannan asara ba. Ranar da aka rufe hanya ita ce ranar 'yan acaba. Mu ɗaura kwando biyu a baya, mu bi lungu-lungu ta Ebute Metta, mu fito Idumota. Tun watan Yuni na 2022 aka hana mu aiki gaba ɗaya a Surulere da Ikeja da Apapa da Eti-Osa da Lagos Island da Lagos Mainland, daga baya aka ƙara da su Mushin da Oshodi da Shomolu da Kosofe. Ka lura, duk inda tseren yake bi yana cikin wuraren nan. Yanzu mota ta tsaya, babur babu. Ni na koma turin ruwa, yawancin abokaina sun koma gida.

Baba_Agege
'Ya'yana, ina karanta maganganunku. Ni na zo Ikko tun tana babban birnin ƙasa. Wannan rufe hanya na rabin yini da kuke kuka da shi, ku tambayi wanda ya ga 1980.

Ranar 22 ga Maris 1980 aka yi wasan ƙarshe na cin kofin Afirka a filin nan na Surulere, Najeriya da Aljeriya. Lokacin Green Eagles ake ce musu. Tun da hantsi filin ya cika, waɗanda ba su sami shiga ba sun fi na ciki yawa. Mu muna Agege, rediyo muka kewaye a gindin rumfar wani mai goro, kowa ya baro sana'arsa. Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya, uku da nema. Shugaba Shehu Shagari da kansa ya miƙa wa Christian Chukwu kofi. Shi ne karo na farko da muka ɗauka. Daga baya aka ba 'yan wasan gidaje a Festac da motoci Fijo.

Daren nan ba wanda ya yi barci. Direbobin molue, manyan bas ɗin haya na Ikko, suna ɗaukar mutane ba sa karɓar kuɗi. Wani Bayarabe da muka daɗe ba ma ga-maciji saboda rigimar rumfa ya rungume ni a tsakiyar titi yana kuka, kuma daga ranar rigimar ta mutu, har ya rasu muna zumunci. Alhaji mai kayan gwari, ka ce me muke samu. Ban san yadda ake lissafa wannan da kuɗi ba, amma ni na samu.

Dan_Gwari_Mile12
Allah ya ƙara girma, Baba. Amma wancan ƙwallo ne, kuma 'ya'yanmu ne suka ci. Wannan gudun fa, tun da aka fara, galibi 'yan Kenya da Habasha ke kwashewa.

Sai_Masu_Gida
Baba ya tuno mini da 2000. Ina ƙarami, yayana ya ɗauke ni a kafaɗa muka je wasan ƙarshe da Kamaru a filin Teslim Balogun. Har yau ban manta ƙwallayen da Tijani Babangida ya ci ba.

Kwallo_Zalla
@Sai_Masu_Gida ɗan'uwa ka haɗa abu biyu. Filin Teslim Balogun sai 2007 aka buɗe shi. Wasan 2000 a babban filin ƙasa aka yi, wanda ke tsallaken titi da shi, ranar 13 ga Fabrairu. Sannan Tijani Babangida a wasan kusa da na ƙarshe ya ci biyunsa, da Afirka ta Kudu, aka tashi 2-0. A wasan ƙarshe Eto'o da Mboma suka fara ci wa Kamaru, Raphael Chukwu ya rama ɗaya, Okocha ya rama ta biyu da wani bugu daga nesa. Aka je fenareti, mai tsaron gidansu ya tare na Kanu, na Victor Ikpeba ya daki ƙarfen sama ya sauka bayan layi, alƙalin wasa ya ce ba ta shiga ba. Rigobert Song ya buga ta ƙarshe, 4-3.

Baba_Agege
Haka aka yi. Ranar Ikko ta yi tsit. Garba Lawal ma yana cikin 'yan wasan, shi da Babangida duk yaran Kaduna ne, shi ya sa a Agege muke jin wasan kamar na gida. Na dawo da ƙafa daga Oshodi saboda babu mota, mutane suna tafe ba mai ce wa wani uffan.

Kwallo_Zalla
Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne halin da filin yake ciki yau. An gina shi a 1972, aka yi wasannin Afirka na 1973 a ciki, aka yi wasan ƙarshe na kofin duniya na matasa a 1999 inda Sifaniya ta ci Japan 4-0, su Xavi suna cikin yaran. Tun da aka buɗe na Abuja a 2003 aka juya masa baya. A 2023 har ɗaya daga cikin dogayen turakun fitilarsa ya faɗi. Super Eagles sun yi kusan shekara ashirin ba su buga wasan gasa a Legas ba, sai a Maris 2021 da suka ci Lesotho 3-0, shi ma a Teslim Balogun. Shekara da shekaru babban aikin filin a idon duniya ya zama a taru a ƙofarsa a fara gudu. Idan ana maganar abin da gari ke samu daga manyan wasanni, gine-ginen ne ya kamata su zauna su amfani yaranmu, ga shi an bar su suna ruɓewa.

MaiGidanKallo_AlabaRago
Ni a wajena babban wasa ba sai an yi shi a Legas ba. Gasar kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa farkon 2024, garin nan ya fi ranar gudu rikicewa. Ranar da muka buga da Afirka ta Kudu, aka je fenareti, Nwabali ya tare biyu, benci biyu suka karye a gidana saboda tsalle. Yaranmu na nan kuwa Alhassan Yusuf suke jira su gani, tunda ɗan Kano ne. Ranar wasan ƙarshe da Kwaddibuwa, 11 ga Fabrairu, tun la'asar kasuwa ta watse. Troost-Ekong ya ci, muka ce an gama, sai Kessie da Haller suka juya wasan, 2-1.

Amma kada a ɗauka duk riba ce. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, janareta ke cinye rabin abin da na tara. Ba zan dogara da wutar gari ba, don idan ta ɗauke ana tsakiyar wasa sai an nemi a fasa mini talabijin. Na ƙara kuɗin shiga, yara suka koma leƙe ta taga. Mai tsire da mai lemo da ke ƙofata sun fi ni samu.

Yar_Jos_a_Legas
Ku yi haƙuri in dawo da mu kan gudun. Alhaji ya ce baƙi ke kwashewa. Gaskiya ne babbar kyautar, dala 50,000, galibi tana tafiya Gabashin Afirka. Abraham Kiptum na Kenya ne ma ya ci biyun farko a jere. Amma akwai kyauta daban ta 'yan Najeriya, kuma ku bincika ku gani, yawancin masu zuwa gaba a cikin 'yan ƙasa yaran Filato ne, maza da mata. Dalili kuwa tudu ne. Wanda ya tashi a Pankshin ko Jos, inda iska ba ta da kauri, jininsa ya saba ɗaukar iska fiye da na mutumin bakin teku. Abin da ya sa 'yan Kenya ke atisaye a Iten da Eldoret ke nan. Muna da Filato, muna da Mambila a Taraba. Arewa ce ke da ƙasar da za ta fitar da wanda zai ƙwace wannan kyauta, abin da babu shi ne masu horarwa da abinci da kulawa.

Ni kaina na shiga na kilomita 10, da hijabina da dogon wando, kuma ba ni kaɗai ba ce. Abin da na gani a hanya shi ne 'yan'uwanmu a gefe: masu gadi a ƙofar gidajen Lekki, masu sayar da ruwa, 'yan jari-bola suna tsince robobin da aka zubar. A cikin masu gudu kuwa da wuya ka ji Hausa. Yaron da ke tura kurar ruwa daga safe zuwa yamma a garin nan, kilomita 10 ba za ta gagare shi ba. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa shi ma yana iya shiga.

Malam_Obalende
'Yar'uwa, motsa jiki abu ne mai kyau. Sai dai cakuɗuwar maza da mata da irin shigar da wasu ke yi ita ke sa iyaye da yawa ba za su bar 'ya'yansu mata ba, kuma ina ganin uzurinsu. Ga samari kam ban ga abin hanawa ba, in dai an yi asuba kafin a fita.

Yar_Jos_a_Legas
Malam, a tashar BRT ma ana cakuɗuwa fiye da haka, kuma kullum muna shiga. Mahaifina ne ya raka ni, ya jira ni a wajen gamawa.

Tsohon_DanAcaba
Yaya ake yin rajistar? Ina da ƙane da ba ya gajiya da gudu.

Yar_Jos_a_Legas
Ta intanet ake cikewa, watanni kafin ranar, daga baya a je a karɓi lamba. Idan an buɗe zan sanar a nan.

Direban_Tirela
Ni maganar Alhaji ta farko nake so a koma, don ba a amsa masa ba. Ina ɗauko kayan gwari daga Kano da Zariya. Mu da ke kan hanya ba mu da Juma'ar da za mu ji sanarwa a masallacin Legas, muna Jebba ko Ogbomosho a lokacin. Kaya sun riga sun taso, ba a ce wa tumatir ya dakata. Idan suka iso Mile 12 aka kasa fitar da su zuwa tsibiri, farashi ya faɗi a kasuwa, asarar ta koma kan manomin da ke Kura ko Kadawa, wanda bai ma san ana wani gudu ba. Me ya sa ba za a mayar da shi Lahadi ba, ranar da kasuwa ba ta ci sosai?

Injiniya_Gbagada
Lahadi da safe a Legas? Ka manta da masu zuwa coci. Kukan da za a yi ya fi na Asabar. Manyan biranen duniya kamar Landan da Berlin ranar Lahadi suke nasu, amma su suna da jiragen ƙarƙashin ƙasa, a rufe titi mutane su bi ta ƙasa. Mu sai 2023 jirgin Blue Line ya fara aiki daga Marina zuwa Mile 2, na Red Line da ke bi ta Agege zuwa Oyingbo ya biyo baya a 2024. Suna rage wa fasinja wahala, amma ba za ka loda kwandunan tumatir a ciki ba.

Abin da na ga wasu 'yan kasuwa suna yi shi ne su kai kayan Asabar tun daren Juma'a, ko su haye gada kafin ƙarfe biyar na asuba.

Dan_Gwari_Mile12
Injiniya, kayan Asabar da asubar Asabar ake sauke su daga tirela. Wanda zan kai daren Juma'a kwantai ne, masu gidan abinci ba za su karɓa a farashin sabo ba. Na ji maganar Baba, na ji ta 'yar'uwa daga Jos, kuma na yarda a yi sanarwa a masallatai, zan kai maganar ga shugabannin sashenmu a kasuwa. Amma har yanzu ina nan kan bakana: wanda ya shirya abin da zai rufe gari, ya kamata ya zauna da 'yan kasuwa tukuna, ko da a bar layi ɗaya na gadar ga motocin abinci da na marasa lafiya.

Hajiya_IdiAraba
Na marasa lafiya dai ya zama dole.

MaiShayi_Ojuelegba
Layi ɗaya a Legas? Alhaji, ka san da an buɗe wa motarka, motocin haya na danfo ɗari za su biyo bayanta, kowa ya ce tumatir ya ɗauko. Sai an kaɗe wani a cikin masu gudu. Ni dai a bar shi yadda yake, sau ɗaya ne a shekara.

Direban_Tirela
Kai da kake bakin filin dole ka ce a bar shi. Injiniya, jiragen ruwan da ke tashi daga Ikorodu zuwa tsibiri fa, suna aiki ranar? Kuma suna yarda a saka kaya masu nauyi, ko fasinja kawai suke ɗauka?